Ruwan Cikin Akwati

Bana azumi ya same ni a ƙasar da ba ta san damina ba. Jikata Hafsatu ce ta haihu a Dubai, uwarta kuma ciwon ƙafa ya hana ta tafiya, sai aka ce ni tsohuwa in zo in yi mata wankan jego. Aka yi mini biza, aka ɗora ni a jirgi, aka sauke ni a wani gida da ke saman gidaje, a unguwar da suke kira Bur Dubai. Idan na leƙa ta taga ina hango ruwan da ƙananan jiragen katako ke ƙetarawa da mutane, abra suke ce musu, amma ruwan gishiri ne, ko akuya ba za ta sa baki ba. Zafin garin kuwa ba irin namu ba ne. Namu gasa mutum yake yi, nasu dafa shi yake yi. Ka buɗe ƙofa sai ka ji kamar ka kai fuska bakin tukunyar da ke tafasa. Sama fari fat, babu ko gajimare ɗaya mai niyya. A lissafina kuwa, a gida yanzu gero ya wuce gwiwa.

Rannan da la'asar sakaliya ina kishingiɗe a kan darduma, azumi ya kama ni, sai na ji ruwa. Ruwa sosai, yana dukan rufi, har da tsawa can nesa. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na nufi baranda da irin gudun da ya rage mini, ina kira, "Hafsatu, shanya! Kayan yaron nan suna waje!" Na ja ƙofar gilashi, zafi ya mare ni. Rana tana nan tsaye abinta, ƙasa a bushe ƙamas.

Hafsatu ta fito daga ɗaki tana dariya har da dafe ciki. "Inna, rufe mana ƙofa kada sanyin ya gudu. Waya ce fa." Ta nuna mini wayarta a gefen kan jaririn. Wai ƙarar ruwa ce aka ɗura a ciki, idan an kunna wa yaro sai barci ya ɗauke shi.

Da mijinta Nura ya dawo daga wurin aikinsu na kago, wato jigilar kaya, a Ras Al Khor, tun bai cire takalmi ba ta kwashe labari ta ba shi. Ya ce, "Khalas, shi ke nan, Inna, gobe zan sayo miki lema."

Na ce, "Ku yi dariyarku, 'yan nema. Ba yau ruwan ƙarya ya fara tashina tsaye ba. Na farkon kuwa ba shanya ya sa muka kwashe ba, abincin shekara guda ya sa muka binne a ƙasa."

Bayan mun sha ruwa mun yi salla, na ba su labarin, ga shi kuma kamar yadda na ba su.

Ƙauyenmu Tudun Kanya yana yamma da Kano. A lokacin ina da ƙuruciyata, goyo a baya, wani kuma yana riƙe da bakin zanina. Gidanmu gidan gandu ne. Surukina, wanda kowa ke kira Baba Tsoho, shi ke riƙe da gona da rumbu, 'ya'yansa suna noma a ƙarƙashinsa. Matarsa Iya ita ke auna mana hatsi kowace safiya. Maigidana shi ne babban ɗa, sunansa ba zai fito daga bakina ba ko yanzu da ƙasa ta rufe shi. Sai ƙaninsa Bala, abokin wasana, wanda bakinsa ya fi hannunsa aiki.

Bala ne ya kawo akwatin. Ya je cin rani Kano yana dako a kasuwa, abokan tafiyarsa suka dawo da atamfa da gishiri, shi ya dawo da rediyo a rungume kamar jariri. Duk ƙauyen babu mai irinsa. Baba Tsoho ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "To, wannan ana cinsa ne?"

Bala ya ce, "A'a Baba, shi ne ma ke ci. Batir yake ci."

"Ka ƙaro mana baki ke nan."

Amma ba a jima ba ya zamana babu mai murɗa akwatin nan sai Baba Tsoho. Ko Bala mai shi sai ya nemi izini.

Sai aka yi damina mai rowa. Ruwa ya ɗauke gero yana fidda kai, abin da muka girba ko rabin rumbu bai kai ba. Muka lallaɓa da shi har sanyi ya wuce, bazara ta shigo da ƙarfinta. Awon Iya ya sauko daga ƙwarya zuwa ƙoƙo, ƙoƙon ma ta daina cika shi. Da asuba mu mata mu tafi rijiya, igiyar guga ta gaza, aka ƙara mata da tsumman zani, abin da ke fitowa rabi ruwa rabi taɓo, sai an ajiye ya kwanta. Daga nan mu shiga daji kafin rana ta ɗaga, neman yaɗiya da aduwa da 'ya'yan hanza, su hanzan sai an jiƙa an zubar, an jiƙa an zubar, kafin ɗacinsu ya bari a haɗiye. Har ƙarangiya muka sussuka don ɗan ƙwayar da ke cikinta, tafukanmu duk ƙaya. Da rana kowa ya nemi inuwa ya kwanta, don wanda bai motsa ba yunwarsa ba ta kai ta mai motsi. Girki sau ɗaya ake yi, kafin rana ta faɗi, fate-faten dusa da busasshiyar tafasa. Turmin gidan nan da a da ba ya hutawa, ya zama sai ya yini babu wanda ya taɓa shi.

Hatsi kuwa akwai a gidan, kowa ya san inda yake. Damin iri ne. Tun ranar girbi Baba Tsoho ya zaɓe zangarkun da suka fi ido, ya ɗaure, ya rataye a rufin ɗakinsa daidai saman gadonsa, yana kwana a ƙarƙashinsu. Yara su tsaya a bakin ƙofa suna ɗaga kai. Wata rana da ɗana ya yi kuka har muryarsa ta dushe, na ji Iya tana cewa a hankali, "Malam, ko zangarniya biyu ce, a yi wa yaran nan kunu."

Ya ce, "Idan na zare biyu yau, gobe wa zai hana ni zare huɗu? Wannan ba namu ba ne, na baɗi ne."

Ba ta sake ɗaga maganar ba.

To, abin da ya riƙe mu a wannan bazarar, bayan Allah, akwatin nan ne. Yini guda batiran suna kan rufin rumbu suna shan rana, wai a nan suke samun ƙarfi, rana kuwa ita kaɗai ce ba mu rasa ba. Da an idar da magariba sai a kife turmi a ƙofar da ke tsakanin zaure da cikin gida, a shimfiɗa masa ƙyalle, a ɗora rediyo. Maza su zauna ta can, mu mata ta nan, maƙwabta su zo kowa da tabarmarsa. Baba Tsoho ya kafa doka, ba a buɗe labarai. Ya ce, "Shanu sun mutu a can, mutane sun yi ƙaura a can. Wannan sai an ƙona batir kafin mu sani?" Kiɗa da wasa kawai ake buɗewa.

Kiɗa ke fara zuwa. Yau goge, gobe garaya, wata rana kalangu, wata rana kuma mata masu kiɗan ƙwarya. Mu da sai an yi biki muke ganin makaɗi, ga makaɗan ƙasa duka sun zo sun zauna a kan turminmu, ba sa neman ko goro. Iya ba ta taɓa cewa kiɗan ya yi mata daɗi ba, amma ina ganin babban yatsan ƙafarta yana motsi a ƙarƙashin zani. Bayan kiɗa sai wasan kwaikwayo. Akwai wanda muka fi so, na wani attajiri marowaci da maƙwabcinsa mai yawan aro, kullum ɗaya yana ɓoyewa ɗaya yana tonowa. Mutanen da suka yini ba su iya ɗaga murya ba sai ka ji su suna dariya har da tari. Idan aka zo inda 'yan wasan ke cin abinci, ana jin ƙarar kwano da tanɗe baki, sai ɗana ya ce, "Iya, me suke ci?" Ta ce, "Tafasa, irin taka. Ba ka ji ba sa magana ba?" Kafin a gama wasa yara sun yi barci a jikinmu, mu kwashe su mu kai ɗaki, an ci wannan daren ke nan.

A nan Dubai na ga kowa da nasa akwatin a tafin hannu, da igiya a kunne, yana dariya shi kaɗai. Hafsatu takan sa mini ɗaya a kunne idan ana wasan gida, ina ji kuwa tas, babu shuu babu ƙara. Sai dai nakan juya in ga wa zan taɓa in ce ya ji, sai in ga bango.

Da abin ya tsananta, Bala ya koma Kano don a rage baki, ya bar mana rediyon. Lokacin ruwa ya zo, ya wuce. Shamuwa ta iso, ta zauna a kan kuka tana kallonmu muna kallonta. Maza suka fita roƙon ruwa da rigunansu a juye, suka dawo, sama tana nan kamar an share ta.

Sai wata magariba, ana cikin wasan marowacin nan. Maƙwabcin ya zo aron wani abu, marowacin ya tsare shi a bakin ƙofa yana cewa babu. Kawai sai iska ta taso a cikin akwatin. Tsawa ta yi gurnani. Ruwa ya ɓarke, yana dukan rufin kwano, sha-a-a-a, matar marowacin tana ihu a shigo da awaki, maƙwabcin yana roƙo a bar shi ya fake. An shirya wurin ne don a yi dariya, amma a gidanmu babu wanda ya yi. Wasu suka ɗaga kai sama, taurari reras. Wata tsohuwa a bayana na ji tana jan hanci. Baba Tsoho da ke tsimin batir kamar ransa ya miƙa hannu ya ƙara murya.

Da aka gama ya kashe. Can ya ce, "Kun ji abin da na ji?"

Maigidana ya ce, "Baba, ai wasa ne."

"Na san wasa ne, ban tsufa haka ba. Rowa ana kwaikwayonta. Kuka ana kwaikwayonsa. Ruwan sama wa zai kwaikwaya? Suna cikin wasansu ruwa ya same su, suka sa shi a ciki. Ba ka ji yadda yake dukan kwano ba? An yi ruwa a Kano. Namu kuwa daga ina yake zuwa?"

Mazan suka amsa, "Daga gabas."

Wannan kowa ya sani. Ruwan da ya sauka a ƙasar Kano ba ya daɗewa bai iso mu ba.

Baba Tsoho ya ce, "Gobe za mu hau shirin binne."

Ku 'yan birni ba ku san binne ba. Shuka ce da ake yi a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, iri ya kwanta yana jira. Idan ruwa ya zo da wuri kuma da ƙarfi, ka riga kowa, geronka ya tashi da ruwan farko. A shekarar da damina ta makara, waɗannan 'yan kwanakin su ne tsakanin hatsi da ƙaiƙayi. Amma idan ruwan ya ƙi zuwa, tururuwa da ɓeraye da tsuntsaye su yi biki, abin da suka bari zafin ƙasa ya soye shi. Idan kuma yayyafi ne ya zo, iri ya tsiro ya mutu. Mu kuwa ba mu da wani irin bayan wannan.

Maigidana ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ko a binne rabi, a bar rabi."

"Rabin gona za ta ciyar da gidan nan? Bara mun jira, me jira ya ba mu?"

Da safe aka sauko da damin. Aka tayar da turmi tsaye, ni da Iya muka yi sussuka a hankali don kada mu fasa ƙwaya. Ƙamshin geron nan ya cika gida, bakina ya cika da yawu. Yara suka durƙusa suna tsintar abin da ya fantsama suna jefawa a baki, Iya ta kawar da kai kamar ba ta gani ba. Washegari tun duhu bai gama washewa ba muka fita gaba ɗayanmu. Maza suna gaba da sungumi suna sara, mu muna biye, mu jefa 'yan ƙwayoyi a rami mu rufe da diddige. Kafin hantsi ƙasa ta yi zafin da sai ka riƙa ɗaga ƙafa kamar kaza. Kowane rami na rufe sai in ji kamar na ɗauke loma daga bakin ɗana na tura ƙarƙashin ƙasa. Gidaje da dama a ƙauyen da suka ga Baba Tsoho ya fita, su ma suka sauko da nasu irin, don ba a taɓa saninsa da gaggawa ba.

Muka koma gida muka zuba wa gabas ido. Yau shiru, gobe shiru, jibi shiru.

Ana haka sai ga Bala ya dawo a ƙafa, ya rame, da ɗan ƙullin garin kwaki a kafaɗa. Ni ya fara tararwa a tsakar gida. Na ce, "Ɗan birni, sannu da hanya. Ina kuka tsare mana ruwa? Ko shi ma kun shanye a can?"

Ya ce, "Wane ruwa, matar yaya? Kano ko tofi sama ba ta yi ba."

Na ce, "Bala, bar wasa."

"Wallahi ba wasa nake ba."

Iya ta fito daga ɗaki, na gaya masa abin da muka ji da abin da muka yi. Yaron nan da bakinsa ba ya rufuwa, sai ya zauna a ƙasa daɓas, ya dafe kai. Ya ce akwai wani ma'aikacin gidan rediyon da yake ɗaukar wa kaya daga kasuwa, ya taɓa shigar da shi ya ga yadda ake yi. Ɗaki ne a rufe ruf, ko taga babu, ko da ruwa ake kamar da bakin ƙwarya ba za a ji a ciki ba. Mutum ɗaya ke girgiza fallen kwano, ita ce tsawa. Wani kuma ya ɗebo gero ya riƙa zubawa a kan kwanon a hankali, shi ne ruwa.

Iya ta ce, "Gero?"

"Gero, Iya."

"Geron ci? A wannan shekarar?"

"Shi."

Ta ce, "To idan sun gama, wa ke kwashewa?"

"Tattarawa suke su ajiye, wani wasan a sake zubawa."

Ta tafa hannu ta koma ɗaki.

Babu yadda za a yi, sai da Bala ya je zaure ya faɗa wa mahaifinsa. Ina bayan danga ina ji. Baba Tsoho bai yi faɗa ba, bai yi salati da ƙarfi ba. Tambaya ɗaya ya yi, "Ka gani da idonka?" Bala ya ce ya gani. Sai tsohon ya tashi, ya naɗe akwatin a cikin ƙyallensa, ya hau rumbun da babu komai a ciki, ya saka shi, ya rufe.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi nauyi a rayuwata. Yunwar ita ce dai ta jiya, amma yanzu da magariba babu abin da ke rufe ta. Kana zaune kana jin kukan yaran gidan can, su ma suna jin na naka. Maƙwabtan da suka bi mu suka yi binne ba su ce komai ba, gaisuwarsu ce dai ta gajarce. Baba Tsoho ya daina zama a zaure. Da asuba ya ɗauki gwangwani da tsakuwa a ciki ya tafi gona, ya yini yana korar zabin daji da kurciyoyi, tsoho a tsakiyar rana yana gadin ƙasa tsirara. Muka riƙa karɓarsa bi da bi. Tsuntsu kam ana korarsa, tururuwa fa? Kana tsaye kana ganin layinsu, kowace da ƙwaya a ka. Na raka Iya wata safiya, ta durƙusa ta tona rami ɗaya, babu komai. Ta tona wani, ta samu ƙwayoyi, ta ɗauki ɗaya ta ciza, ta duba cikinta, ta ce, "Da ransa." Ta mayar da sauran ta rufe. Maigidana kuwa ya fara yi mini maganar kudu a ɓoye, cewa idan wata ya mutu ba a yi ruwa ba, mu ɗauki yara mu bi sahun masu tafiya.

Iya ce ta gaji. Ta tari mijinta yana alwala, a gabanmu, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Malam, a fito da akwatin nan."

Ya ce, "Maƙaryacin?"

"Kai ya yi wa ƙarya, ni bai yi mini ba. Ni dai na san idan ya yi kiɗa jikokina suna barci. Ka hana hatsi na yi shiru, don da gaskiyarka. Kiɗa kuwa ba iri ba ne da za a ce a ajiye wa baɗi."

Ya gama alwalarsa, ya dubi Bala, ya nuna rumbu da haɓa.

A ranar zafin ya yi nauyi, ko ganye ba ya motsi, zufa tana tsatsowa ba ta bushewa. Aka kife turmi, aka ɗora akwatin. Maƙwabta kaɗan ne suka zo. Mai goge ya fara ja, bai yi nisa ba sai akwatin ya yi ƙarr, kamar an taka busasshen kara. Kiɗa ya dawo, ya sake yin ƙarr. Bala ya ɗan mare shi a gefe, ya ciro batiran ya goga a riga, ya lasa, ya mayar. A banza. Wani daga cikin mazan ya ce, "Shi ma yunwar ta kama shi."

Sai ɗana ya ce zai yi fitsari. Na kai shi bayan danga, ina tsaye ina fuskantar gabas. Can ƙasa-ƙasa, inda sama ta haɗu da ƙasa, na ga wani haske ya ƙifta ya ɓace, babu ƙara ko kaɗan. A daidai lokacin akwatin ya yi ƙarr a bayana. Na ce idona ne. Na tsaya. Ya sake ƙiftawa, akwatin ya sake amsawa. Na lallaɓa na taɓo Iya, ta zo ta tsaya kusa da ni, muka gani tare, har sau da yawa. Ta damƙe hannuna ta ce, "Kada ki faɗa da ƙarfi."

Amma Bala ya riga ya biyo mu, shi kuwa ba a haife shi da ƙaramar murya ba. Ya koma da gudu yana cewa, "Baba, ba batir ba ne! Walƙiya ce ke shiga akwatin! Hadari ne a gabas!"

Mutane suka miƙe. Baba Tsoho bai motsa daga kan buzunsa ba. Ya ce, "Na taɓa jin ruwa a cikin akwatin nan. Ku zauna."

Wasu suka zauna don kunyarsa, amma wuyan kowa a juye. Shi kuwa ya ƙara ba gabas baya. Aka fara wasan marowaci, babu wanda ya ji ko kalma, ƙarar ta cinye shi. Sai awaki suka fara kuka. Sai wata iska mai sanyi ta shafo wuyana, ɗauke da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ƙamshin da na ɗauka na manta. Tabarmi suka tashi sama. Muka watse, mai jan randa na ja, mai jera tukwane da ƙore a bakin rufi na jerawa, Bala ya cusa akwatin a cikin rigarsa ya shige zaure. Ɗigon farko manya-manya ne, suna faɗuwa a ƙasa tana shanyewa nan take. Sannan sama ta buɗe.

Baba Tsoho yana nan a zaune a tsakar fili. Ruwa ya jiƙa hularsa, yana bin gemunsa. Ya buɗe tafin hannu ya tara, ya duba, ya kai baki ya ɗanɗana. Sai a lokacin muka ji ya ce, "Alhamdu lillahi." 'Ya'yansa suka kama shi suka shigar da shi, aka yi sallar isha'i a zaure ana ɗaga murya don ƙarar ruwa.

Da na kawo nan Nura ya ce, "To Inna, irin fa? Ya fito?"

Na ce masa, haka mu ma muka kwana muna tambaya. Ruwa ya zo, amma ya zo wa mai rai ne ko ya zo wa gawa? Da safe Baba Tsoho ya tura hannu a ƙasar gona, danshi ya wuce wuyan hannunsa, wannan ba yayyafi ba ne. Saura jira. Kullum da sassafe sai mun je mun duba, ƙasa ta yi baƙi, ta yi laushi, ba ta ce komai ba. Sai wata safiya muna isa bakin gona Iya ta tsaya cak. Idan ka duba daga tsaye ba ka ganin komai, sai ka sunkuya ka bi layi da ido, sannan ka ga 'yan kore sirara kamar allura, suna tsaye da raɓa a kansu. Ba kowane rami ba. Inda tururuwa suka yi gida layi guda babu ko ɗaya. Amma inda ya fito ya fi inda bai fito ba, nesa ba kusa ba. Da ruwa na biyu ya zo muka cire daga ramukan da suka yi yawa muka dasa a inda babu, har muka ba maƙwabtan da nasu ya fi lalacewa.

Yunwa ba ta tafi a ranar ba. Mun ci gaba da cin tafasa, sai dai yanzu ɗanya ce shar, muna noma ciki na kuka, da magariba a kife turmi, tabarmin maƙwabta kuma suka dawo gaba ɗaya. Daminar ta sake yin gajarta, ruwa ya ɗauke da wuri. Waɗanda suka jira ruwa kafin su shuka, nasu yana fure aka bar shi. Geron binne kuwa ya riga ya yi ido. Ranar da aka gasa tumun farko, ɗana ya ci har ya yi barci da zangarniya a hannu, ba a kunna masa komai ba.

Bayan girbi, Baba Tsoho ya zaɓe irin baɗi ya rataye, ya fitar da zakka, ya aika wa gidajen da ba su samu ba. Da lokacin cin rani ya yi, Bala ya zo sallama, sai tsohon ya ce ya dakata. Ya sa Iya ta cika ƙwarya da sabon gero, ya juye a tsumma da hannunsa, ya ƙulle, ya miƙa masa. Fuskarsa babu alamar wasa.

Ya ce, "Ka kai wa mutumin nan mai zuba gero a kan kwano. Ka ce nasa ya tsufa, ga sabo. Ka kuma ce masa ya riƙa zubawa a hankali, akwai masu saurare."

Ko Bala ya kai, ko ya sayar a hanya ya sha shayi da burodi, har ya koma ga Allah bai taɓa gaya mini gaskiya ba. Idan na tambaye shi sai ya ce, "Matar yaya, ke dai ba ki ji ruwan akwati na bana ya fi na bara daɗin ji ba?" Ni dai abin da idona ya gani, na gan shi da ƙullin a ka, yana bin hanyar gabas.